Ranar da Na Gyara wa Malam Ƙwarinsa

Shin ni ce na jawo aka daina kiran Malam aikin ƙwari, ko kuwa aikin ne ya zo ƙarshe da kansa? Na yi wa kaina wannan tambaya yana raye, na yi ta bayan an kai shi makwancinsa, ga shi yanzu na tsufa har sai an riƙe mini hannu nake tsallake dokin ƙofa, ban samu amsa ba. Shi kaɗai ya sani, shi kuma bai taɓa faɗa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Abin da dai ba zai taɓa fita daga raina ba shi ne ranar da na tsaya a ƙofar zaurenmu a Jajaye na yi wata magana. Har yau idan na tuna ta sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. (Maƙwabciyata da ke rubuta mini wannan tana ta murmushi tun ban fara ba, don ta ji labarin a bakin uwarta. Duk garin nan babu wanda bai ji ba. Gara a ji shi daga bakina.)

Sai na fara da jikina, don ba za a gane labarin ba sai da shi. Ni 'yar Karaye ce, kuma matan gidanmu Allah ya yi mu da tsawo da faɗi. Buhun gero ni kaɗai nake ɗaga shi in kai ɗaki. Malam kuwa ɗan mutum ne siriri, idan ya miƙe tsaye iyakarsa kafaɗata, hularsa ce ke ɗan taimaka masa. Ranar da aka kawo ni gidan, ƙanwarsa Talatu ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin amarya, ta ce, "Yaya, a kira magini tukuna." Tun ranar ta sa mini suna Rumbu, kuma har ta mutu ba ta canza ba.

Abin yana cina a rai fiye da yadda kowa ya sani. Idan Malam ya shigo gida sai in nemi wuri in zauna. Idan tafiya ta kama mu tare, in bar masa rata mai yawa don kada a jera mu a gani. An taɓa kawo mai hoto wani suna, na ɓuya a madafi har ya tafi. Shi Malam bai taɓa ɗaga maganar ba. "Ke 'yar Karaye" kawai yake ce mini, ya wuce harkarsa.

To, a shekarun da ake aikin dam a wajen Karaye, wani malamin jami'a ya zo garinmu da mota. Mutane suka sa masa Dakta Mai Ƙwari. Ya je wurin Mai Unguwa ya ce yana neman mutum mai haƙuri wanda ya san gonaki, Mai Unguwa ya ba shi Malam. Aikin shi ne a binne kofunan roba a gefen gona, bakinsu daidai da ƙasa, baƙaƙen ƙwarin nan masu gudu a ƙasa su riƙa faɗawa ciki. Malam ya bi ya kwashe su, ya zuba a kwalabe da wani ruwan magani mai warin asibiti. Yana da kofuna a nan Jajaye, yana da su a Gwangwan, yana da wasu a fadamar Karaye wadda aka ce ruwan dam zai shanye kafin wata damina. Idan ya je can a gidanmu yake sauka.

Mutanen gari sun yi ta dariya, wai babban mutum da gemu yana bin ƙwaro a guje. Ni ban yi dariya ba. Malam yana da ciwon ƙirji, kuma kowane rani sai ya tafi Kurmi ci-rani, ya yi dako, ya dawo da tari kamar ransa zai fita. Dakta ya yi masa alkawari, idan aikin damina ya yi kyau zai riƙe shi da rani wajen shirya ƙwarin, baɗi ma ya sake kiransa. Ma'ana babu ci-rani. Saboda haka kwalaben nan da ke jere cikin akwatin katako a ɗakin Malam, ina kallonsu kamar ransa ne a ciki.

Akwai kuma abin da na gani na yi shiru. Idon Malam ya fara ja baya. Zai ɗinka riga sai ya miƙo mini allura ya ce in zura masa zare, wai hannunsa da maiƙo. Wata rana ya gaida kututturen dabino a bakin hanya, ya ɗauka Liman ne. Ban gaya wa kowa ba, shi ma ban nuna masa na gane ba. Kullum gabana faɗuwa yake kada Dakta ya lura, don aikin duk na ido ne. Sai in leƙa in gan shi a tsakar gida, ya kama ƙwaro da matsefata, ya kara masa ɗan gilashin da Dakta ya ba shi, yana ta ƙifta ido kafin ya jefa shi a kwalba.

Ana nan, damina ta fara ja, sai aka aiko kawun Malam ya rasu a Rogo Ruma. Dole ya tafi ya zauna zaman makoki, ga shi Dakta zai zo karɓar akwati a ranar da zai dawo. Yana ɗaura kaya a keke ya ce mini, "Ke 'yar Karaye, ga ruwan maganin nan a galan. Kwalbar da kika ga ruwanta ya ja, ki ƙara mata. Ki kula da kaji. Shi ke nan."

Shi ke nan ya ce. Da na tsaya a shi ke nan da ba a rubuta wannan labari ba.

Washegari da hantsi na fito da akwatin inuwa ina ƙara ruwa. Kowace kwalba da zare a wuyanta. Na san abu guda, don na taɓa jin yana faɗa: ƙulli ɗaya maza, ƙulli biyu mata. Na ɗaga mai ƙulli ɗaya a rana, sai na ga 'yan ƙanana. Na ɗaga mai ƙulli biyu, sai ga manya-manya, masu ƙaton ciki. Na sake dubawa. Na duba ta gaba, haka. Garin dubawa har na zubar da ruwan magani a zanena.

Na ce shi ke nan, idon ya ƙare. Malam ya juya su. Ya zuba maza a kwalbar mata, mata a ta maza. Rago ya fi tunkiya, zakara ya fi kaza, bunsuru ya fi akuya, wannan ko yaron goye ya sani. Idan Dakta ya buɗe ya ga haka, me zai ce? Zai ce makaho aka ba shi. A take na hango Malam a tashar mota da ƙunshin kayansa, zai tafi Kurmi.

Yini guda na yi ina kaiwa da kawowa. Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Na yi tunanin in aika masa Rogo Ruma, to in ce me? In ce a gaya masa a gaban 'yan makoki matarsa ta ce ya makance? Na yi tunanin in sauya ƙullin kawai, in mayar da ɗaya biyu, biyu ɗaya. (Da na yi haka ma da da sauƙi. Amma ni ba na aiki rabi da rabi, abin da ake yabona da shi ke nan, shi ne kuma ya kashe ni.) Da na ƙara dubawa sai na ga ɓarnar ta wuce nan. A kwalabe masu jan zare har ƙananan cikinsu sun kai manyan da ke cikin masu baƙin zare. Na ce kai, mutumin nan ko bambancin girma ya daina gani.

Launin zaren kuwa ban ba shi muhimmanci ba. Ni na ba shi guntayen zaren daga kwandon ɗinkina, ja da baƙi da fari, na ɗauka duk wanda ya zo hannu shi yake ɗaurawa.

Washegari na ɗauko babban farantin da nake tsince shinkafa, na rufe ƙofar gida, na juye kwalaben nan kaf a kai. Na zauna na miƙe ƙafa na shiga tsinta kamar mai ware wake, manya dama, ƙanana hagu, matsakaita in auna su da ƙwayar gyaɗa. Wari ya cika mini hanci, ido yana hawaye, kaji suna zagaya ni ina korarsu da ƙafa. Kafin la'asar na gama. Na zuba manya a masu ƙulli ɗaya, ƙanana a masu ƙulli biyu, na raba daidai don kada wata kwalba ta fi wata cika. Har goge kwalaben na yi da tsumma suna ƙyalli. Wallahi da na mayar da akwatin ɗaki, ji na yi babu macen da ta kai ni iya rufa wa miji asiri a ƙasar Rogo.

Amma hankalina bai kwanta ba. Duk motar da ta wuce sai in ce Dakta ne. Talatu ta shigo ta ce, "Rumbu, wane wari ne wannan a jikinki? Ko kin fara aikin unguwarzoma?" Na ce kaina ke ciwo na shafa magani.

Ranar da za su haɗu, Dakta ya riga Malam isowa, Mai Unguwa ya zauna da shi a zaurenmu. Can sai ga Malam a bayan babur. Tayar kekensa ta fashe a hanya, sai Musa, mijin 'yata ta fari, ya ɗauko shi. Musa kuwa tun da ya auri yarinyar nan bai taɓa jin muryata da ƙarfi ba. Idan ya zo gaisuwa daga bayan asabari nake amsawa, ƙasa-ƙasa, shi ma kansa a sunkuye. Haka muka gada tsakanin suruki da suruka.

Malam ya shigo ya sha ruwa a tsaye, ya ɗauki akwati ya fita, ko buɗewa bai yi ba. Na dama fura na aika. Ni da Talatu muka tsaya a bayan bangon zaure, ita don gulma, ni don in ji abin da Dakta zai ce.

Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Na ji an buɗe akwati. Na ji ƙarar kwalba. Sai ta wata kwalbar.

Dakta ya ce, "Malam, wannan ta maza ce?"

"Ƙulli ɗaya, ta maza ce, ranka ya daɗe."

"To ai duk mata ne a ciki. Kuma wannan mai jan zare, ta fadama ce ko? Ga irin na tudu a ciki, waɗanda ban taɓa samu a fadama ba. Wa ya taɓa kayan nan?"

Na san Malam ya ɗaga kwalbar ya ga yadda take ƙyalli, na san ya gane hannun wa ke nan. Sai na ji muryarsa, a hankali.

"Babu wanda ya taɓa. Ni ne. Idona ne ya fara rauni, ban gaya maka ba."

Abin da na yi kwana da kwanaki ina ɓoyewa, ga shi ya ɗauka da bakinsa ya ajiye a gaban Mai Unguwa, don kada a ambace ni. Ban san lokacin da na yi cikin zauren ba. Talatu ta kamo zanena, na fizge. Da saurin da nake yi na manta ban sunkuya ba, goshina ya daki saman ƙofa, ƙasa ta zubo mini a ka. Na tsaya na cika ƙofar nan, har zauren ya yi duhu.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne, ni ce! Kuma ba ɓatawa na yi ba, gyarawa na yi. Na ga an zuba manya a wurin mata, ƙanana a wurin maza. Don Allah a ina aka taɓa ganin mace ta fi mijinta girma?"

Da ƙarfi na faɗa, yadda na saba kiran awaki.

Na ga idon Dakta ya tashi daga ƙafafuna, ya hau, ya hau, har ya kai kaina da ke goge rufi. Sannan ya sauka a kan Malam, wanda ke zaune a kan buzu ya naɗe ƙafa, kamar ɗan da aka kawo makarantar allo yau. Mai Unguwa ma ya bi wannan hanyar da ido. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

Mai Unguwa ya gyara murya, ya shafa gemu, ya ce, "To, uwargida, mu dai a unguwar nan ba sai mun yi tafiya mai nisa ba."

Daga bayana Talatu ta fashe. Ba dariya ba ce, kururuwa ce, har ta faɗi tana dukan ƙasa tana cewa, "Wayyo cikina! Rumbu ta kashe ni!" Dakta ya sa hannu ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Sai na hango Musa a lungu. Na manta sam yana nan. Yaron nan ya miƙe, kansa a ƙasa, ya bi bango ya fice ta ƙofar waje, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Sai da yamma aka aika masa da shi.

Na so in juya in gudu, amma ƙofar ta matse ni, sai da na yi baya-baya a sunkuye. Dakta ya ce, "Inna, dakata, zo ki gani." Na durƙusa a bakin ƙofa, mayafi a fuska, ido ɗaya a waje. Ya ɗauko ƙwaro biyu ya ɗora a tafin hannunsa. Ya ce a irin waɗannan macen ce ta fi girma, don ita ke ɗaukar ƙwai. Ba da girma ake gane namiji ba, da ƙafafunsa na gaba ne, suna da ɗan faɗi kamar an taka su. Abin da Malam ke dubawa da gilashi ke nan, kuma duk akwatunan da ya kawo a baya daidai suke.

Na ce a cikin mayafi, "To ai sai a sake ware su."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce maza da mata zai iya sake warewa, wannan aikin yini ne. Amma zaren fa? Ja na fadamar Karaye, baƙi na Jajaye, fari na Gwangwan. Ya ce abin da ya kawo shi ƙasar nan ke nan, ya auna ya ga da nawa mace ta fi namiji a kowane wuri, don ratar da ke tsakaninsu a fadama ba ita ce a tudu ba. Yanzu ƙwaron ba zai buɗe baki ya faɗi garinsu ba. Na Jajaye da na Gwangwan a iya sake kamawa baɗi. Fadama kuwa baɗi tana ƙarƙashin ruwa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi. Ya rufe akwatin, ya sha furar da na dama har ya yaba, ya yi sallama ya tafi.

Da Malam ya shigo ina ɗaki na juya wa ƙofa baya. Na jira ya yi magana. Ya zauna a bakin gado, sannan ya ce, "Goshin ya kumbura. Ki sa man shanu." Daga nan bai ƙara ba, ranar ko wata rana.

Wata guda ban leƙa waje ba. Labari kuwa ya riga ni fita. Mata a wurin biki idan na shigo sai wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Ke, a ina aka taɓa gani?" sai a kwashe da dariya. Har Karaye maganar ta kai, yayata ta aiko a tambaye ni ko madubi ya ƙare a Jajaye ta sayo mini. Musa ya yi kusan shekara idan zai zo gaisuwa sai ya aiko a duba ko ina kusa da zaure. Abin da na koya dai shi ne, idan aka ce mini ƙara ruwa, in ƙara ruwa in rufe. Kuma kafin in faɗi yadda Allah ya tsara halittarsa, in fara duban tsakar gidanmu.

Dakta ya riƙe Malam har aka gama kaka, ya sallame shi da mutunci. Da rani bai aiko ba. Damina ta zagayo, ba mu ga motarsa ba. Wasu suka ce an ɗauke shi zuwa wata jami'ar, wasu suka ce aikin ne ya ƙare, Talatu ta ce ai wa zai sake ba mai raunin ido aikin ido. Malam ya ɗaura kayansa ya tafi Kurmi a wannan ranin, da na bayansa. Daga na biyun ya dawo da tarin da bai sake sakinsa ba. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye shi, sai in ga yana kallona da idon nan nasa da ya yi fari-fari, in fasa.

Ya yi jinya mai tsawo, ya rame har ya zama kamar yaro. A ranarsa ta ƙarshe, da hantsi, ya ce yana son a fitar da shi tsakar gida ya ji rana. Ƙannensa maza biyu suna ɗakin, da Musa. Suka taso za su kama shi, wannan ya riƙe kafaɗa, wancan ya riƙe ƙafa, yana nishi don duk inda aka taɓa ciwo ne. Ni ina rakuɓe a lungu, a zaune kamar yadda na saba idan da mutane. Sai ya ɗaga hannu ya dakatar da su, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

Na tashi tsaye a gabansu duka, ban sunkuya ba. Na sa hannu na ɗauke shi, ba shi da nauyin ƙunshin wanki, na fita da shi na kwantar a tabarma inda rana take. Bai sake magana ba har la'asar, lokacin da Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya faɗa a ɗakin nan, da ya dakatar da su, shi ne na ƙarshe da na ji daga bakinsa.

"Ku bari. Ke 'yar Karaye, taso ki ɗauke ni. Ke ce ba za ki yar da ni ba."